Kwamitocin ƙwararru a cibiyar masana'antu: mene ne aikinsu, kuma me ya sa ba a ganin sa?

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin wuta, ko aka ɓullo da sabon haraji, ko kwantena ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas wata da watanni, tambaya ɗaya ake ji a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, har zuwa Kantin Kwari: ina cibiyar da muke biya wa kuɗin shekara? In aka ce maganar tana gaban kwamiti, sai ka ji an ja tsaki. Ba laifin mai tsakin ba ne, domin a ƙasar nan mun saba, idan ana so a binne magana sai a kafa mata kwamiti. Amma kwamitin da gwamnati ke kafawa bayan gobara ko rikici daban, kwamitin ƙwararru na cibiyar masana'antu daban. Na farko yakan mutu ranar da ya miƙa rahoto. Na biyu na dindindin ne, 'yan sana'ar ne da kansu ke zama a ciki, kuma idan cibiya ta yi magana mai nauyi a gaban hukuma, to daga teburinsa maganar ta taso.

Wace ce cibiyar, wane ne kwamitin?

A Kano, idan aka ce cibiya ana nufin KACCIMA, wato Cibiyar Kasuwanci, Masana'antu, Ma'adinai da Noma, wadda yawancin mutane suka sani da bajekolin da take shiryawa a filin da ke titin Gidan Zoo. Uwarta ta ƙasa ita ce NACCIMA, da aka kafa a 1960. Ta Legas ta girme su duka, tun 1888 take. A gefe guda kuma akwai MAN, ƙungiyar masu masana'antu zalla, wadda aka kafa a 1971. Ba hukumomin gwamnati ba ne ko ɗaya. Ƙungiyoyi ne na masu zaman kansu, wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai ga dama ba ya ci gaba da harkarsa.

Tsarin irin waɗannan cibiyoyi kusan ɗaya ne ko'ina. Akwai babban taron mambobi da ke zaɓen shugabanni, akwai majalisa da ke yanke shawara, akwai sakatariya mai ma'aikata masu albashi a ƙarƙashin darakta-janar. Kwamitoci suna ƙasa da majalisa, kuma iri biyu ne. Akwai na sana'a, wanda ke tara masu yin abu ɗaya: majema, masu casar shinkafa, masu roba da leda, masu matsar mai, masu haɗa magunguna. MAN ta kasa mambobinta rukuni 10 a kan wannan tsari, daga abinci da abin sha, zuwa sinadarai da magunguna, roba da katifa, ƙarfe, takarda da ɗab'i, kayan lantarki, masaƙu da fata, katako, kayan ma'adinai irin su siminti da tangaran, sai harhaɗa motoci. Sannan akwai na mas'ala, wanda ya ratsa kowace sana'a: wuta da makamashi, haraji, kwastam da fitar da kaya, muhalli, ƙwadago da horar da ma'aikata, sasanta rigima.

Abin ba baƙo ba ne a garin nan. Tun kafin zuwan Turawa, Sarki ba ya yanke magana a kan nama sai ya ji daga Sarkin Fawa, ba ya yanke ta a kan ƙira sai ya ji daga Sarkin Maƙera. Bambancin kawai shi ne yau wanda ake kai wa maganar ba ya karɓar ta da baki, sai a rubuce da alƙaluma.

Me ya sa shugaba shi kaɗai ba zai wadatar ba?

Saboda "'yan kasuwa" ba mutum ɗaya ba ne, kuma sau da yawa abin da ya yi wa wannan daɗi shi ya kashe wancan. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da aka cire wa ƙaiƙayi. Ga mai shigo da kaya da mai sayar da abinci a Singa, labari ne mai daɗi. Ga mai injin casa da ya cika sito da shanshera a farashi mai tsada, da manomin Kura da Kadawa da ke jiran ya sayar masa, labari ne na tashin hankali. Dukkansu suna iya zama mambobin cibiya ɗaya.

Haka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020: masu casa sun samu kasuwa, masu kai robobi da takalma Maraɗi da Damagaram sun ji a jikinsu. Haka dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya da aka sanar a Agustan 2025: mai matsar man kaɗe ya yi murna, mai saye don fitarwa ya yi asara. A harkar fata kuwa rigimar tsohuwa ce, majemi na neman ƙirgi, kasuwar ganda na cinye shi.

Shugaban da ya fito rediyo ya goyi bayan ɓangare ɗaya ba tare da an zauna ba, ya raba cibiyarsa biyu. Aikin farko na kwamiti shi ne a yi wannan faɗan a cikin gida, a gano inda aka haɗu da inda aka rabu. Wani lokaci mafi alheri shi ne cibiya ta kai matsaya biyu ta ce ga ta masu sarrafawa, ga ta masu shigowa, ga kuma abin da dukkansu suka yarda da shi, misali a riƙa ba da sanarwar wata uku ko shida kafin a sauya doka, domin wanda ya riga ya buɗe takardar banki ko ya sayi kaya kada ya kwana ciki.

Yadda koke ke zama takarda

A nan ne ainihin aikin yake, kuma misalin wuta ya fi kowanne fito da shi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane kilowat na awa ɗaya, bisa sharaɗin a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana. Daga baya an ɗan rage, amma bai koma kusa da inda yake ba. A ƙaddara masana'anta tana shan yunit 100,000 a wata. Takardar da a da ke zuwa da ƙasa da naira miliyan 7 ta koma miliyan 22 da rabi.

Mai masana'anta zai ce "an kashe mu", kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai hukuma ba ta da wurin da za ta ajiye wannan kalma. Abin da kwamitin makamashi mai aiki zai yi shi ne ya fara raba wa mambobi takardar cikewa iri ɗaya: sunan layin da ke ba ka wuta, ƙarfin taransifomarka, lokacin da aka ɗauke, lokacin da aka dawo, sau nawa a rana, da ƙarfin wutar lokacin da ta zo. Awa 20 a kwana 30 awa 600 ke nan. Idan masana'antu goma a kan layi ɗaya suka rubuta tsawon wata guda, aka ga abin da suka samu bai kai ba, to an samu hujja, domin umarnin NERC ya tanadi cewa layin da ya kasa cika alkawari kwana 7 a jere a sauke shi daga rukunin. Wanda bai riƙe littafi ba, ba shi da abin da zai kai.

Akwai kuma abin da injiniya ne kaɗai zai tuna da shi. Jimillar awanni ba ita ce komai ba. Injin narka roba idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, robar ta daskare a cikin bututu, sai an sake ɗumama shi, abin da ya fara fitowa kuma shara ne. Majemi da fatunsa ke juyawa a cikin ganga da sinadari, tsayawar ba-zata na iya ɓata masa rukuni guda. Saboda haka wutar awa 20 da aka yanka gida takwas ta fi wutar awa 16 a jere illa. Kwamitin da ya san aikinsa ba awanni kawai zai nema ba, zai nemi jadawali da sanarwa kafin ɗaukewa. Zai kuma haɗa lissafin litar gas da janareta ya sha a lokacin da babu wuta, domin a fitar da ainihin abin da kowane kilo na kaya ya ci.

Bayan an tattara, sakatariya ta jera alƙaluman ba tare da sunan kowa ba. Kwamiti ya zauna ya tace, ya rubuta takardar matsaya gajera: ga matsala, ga hujja, ga dokar da ta shafi abin, ga abu biyu ko uku da ake nema, ga wanda ke da ikon yin su. Majalisar cibiya ta amince, shugaba ya sa hannu. Sannan a kai ta ƙofar da ta dace bi da bi. Maganar wuta a Kano tana farawa daga KEDCO, kamfanin rarraba wuta, in ba a warware ba sai ofishin sauraron koke na NERC, sannan hukumar kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsallake duk wannan a tafi gidan gwamnati ziyarar ban girma, a ɗauki hoto, gwamna ya ce zai duba, alhali abin ba a hannunsa yake ba. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne bibiya: wa aka ɗora wa, yaushe zai dawo da amsa, kuma a rubuta a bayanan zama domin a tambaye shi a zama na gaba.

Lamba ɗaya da ke raba riba da asara

Kwamitin kwastam shi ne wanda aikinsa ya fi gundura, kuma ya fi kawo kuɗi. Kowane kaya da ke ƙetare iyaka yana da lamba a kundin rarraba kaya na duniya, kuma lambar ce ke faɗin abin da za a biya. Tsarin kuɗin fito na bai-ɗaya na ECOWAS, wanda Najeriya ta fara aiki da shi a 2015, yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ɗanyen kaya da injuna galibi suna kashi 5, kayan da aka fara sarrafawa kashi 10, gamammen kaya kashi 20. Idan jami'i ya sa sinadarin da kake shigowa da shi a layin gamammen kaya, ka biya ninki huɗu na abin da ya kamata. Mafi muni shi ne a wayi gari kuɗin fiton ɗanyen kaya ya yi daidai da na gamammen da ake shigowa da shi daga Sin, ko ya fi shi. A nan dokar da kanta ce ke ce wa mai masana'anta ya rufe ya koma fatauci.

Mutum ɗaya ba zai iya gyara wannan ba, ejan ɗinsa zai ce masa a "sasanta" kawai a fitar da kaya. Kwamiti kuwa zai iya tara takardun shigo da kaya na mambobi, ya nuna cewa kaya ɗaya ana ba shi lamba biyu a tashoshi biyu, ya rubuta wa kwastam da ma'aikatar kuɗi ta tarayya kafin a fitar da manufofin haraji na shekara. Bayan an buga takardar, sai dai a jira wata shekarar. Da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, da kuma yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, buƙatar mutanen da suka fahimci takardar shaidar asalin kaya da ƙa'idojinta ta ƙaru a Kano ƙwarai.

Haka batun inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Wanda ya zuba maganin a sito bai san da wata Turai ba, amma kowa ya sha hukuncin. Kwamitin amfanin gona da ke magana da dillalan Dawanau shi ne ya fi dacewa ya isar da irin wannan gargaɗi kafin ya faɗa kan riɗi ko zoɓo. Hukumar SON ma idan za ta tsara ma'aunin ingancin wani kaya takan zauna da wakilan masana'antu, kuma kujerar da Kano ba ta cika ba, wani ne zai cika ta da ma'aunin da ya dace da injinsa.

Abin da kwamiti ba shi da ikon yi

Ba ya yin doka, ba ya soke haraji, ba ya ba da lasisi, ba ya rufe shagon kowa. Ko a cikin gida, shawara yake bayarwa, majalisa ce ke yankewa. Ba ya raba rancen Bankin Masana'antu, ko da yake yana iya koya wa mambobi yadda ake shirya takardun nema. Sannan akwai wani abu da mutane da yawa ke zaton aikinsa ne alhali haramun ne a doka: tsayar da farashi. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana masu sana'a ɗaya su haɗa baki a kan farashi ko su raba kasuwa a tsakaninsu. Kwamiti zai iya tattauna tsadar wuta da ta dala, amma da zarar an fara cewa "kada kowa ya sayar ƙasa da kaza", an fita daga hurumi. Sakatare nagari yakan tsayar da zancen nan take.

Sulhu kuwa yana cikin abin da zai iya, idan ɓangarorin biyu sun yarda. Rigimar mai masana'anta da dilansa a kan kayan da aka karɓa bashi ta fi saurin mutuwa a gaban mutum uku da suka san sana'ar fiye da a kotu, kuma dokar sasanci ta 2023 ta ƙara wa irin wannan yarjejeniya ƙarfi.

Inda abin ke lalacewa

Cuta ta farko ita ce ɓoye alƙaluma. Alhaji ba ya son maƙwabcinsa ya san tan nawa yake fitarwa, ba ya kuma son takardar ta faɗa hannun masu haraji. Tsoronsa yana da dalili. Maganinsa shi ne bayanai su tsaya a hannun ma'aikacin sakatariya ɗaya da ya sa hannu a kan riƙe sirri, kwamiti ya ga jimilla kawai, kuma kada a fitar da jimillar da ta ƙunshi masana'antu ƙasa da huɗu ko biyar, domin in biyu ne kowa zai cire nasa ya san na ɗan'uwansa.

Ta biyu ita ce a mayar da kujerar kwamiti sarauta. A naɗa mutum don girmansa, ba don ya san bambancin kilowat da kilobolt ba. Mai masana'anta ba dole ne shi zai zauna ba. Kwamitin wuta injiniyansa yake buƙata, na haraji akantansa, na kwastam mai kula da shigo da kayansa. Da yawa ba sa son tura yaro inda manya ke zama, sai kujerar ta zauna babu kowa, ko mai ita ya zo ya yi shiru.

Ta uku, manya su cinye kwamiti. Kamfanin da ke biyan kuɗin ɗakin taro da abinci, a hankali matsalarsa ce ke zama ajanda. Babban kamfani na maganar canjin dala da iskar gas ta bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Mai injin leda biyu a Dakata kuwa damuwarsa masu rasit ne da ke zuwa ƙofarsa daga ƙaramar hukuma da jiha, kowa da nasa, duk da cewa tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. Dukkansu matsaloli ne na gaske, amma ɗaya ce ke shiga takarda idan ba a ware wa ƙanana kujeru ba.

Sauran sanannu ne: kwamiti mai mutum 30 da ba ya taɓa cika adadin zama, zama ba ajanda, rashin ma'aikacin da zai rubuta ya bibiya, da kuma siyasar zaɓen cibiya da ke sa sabon shugaba ya rushe kwamitocin wanda ya gada har da takardunsu. Mutum 7 zuwa 11, zama sau ɗaya a wata, wa'adi tsayayye, da wajabcin bayyana maslaha idan maganar ta shafi kamfaninka kai tsaye, sun isa su kawar da rabin wannan.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa. Kwamitin muhalli ba aikinsa ba ne kawai ya kare majema daga tarar NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli. Ruwan jima mai ɗauke da sinadarin kuromiyam yana gangarawa kogin Chalawa, mutane na noman rani da shi. Wurin tace ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin majemi shi kaɗai, amma bai fi ƙarfin ashirin da suka haɗa kuɗi ba, kuma babu inda za a tsara rabon kuɗin sai a kwamiti.

A tilasta shiga ko a bar shi ganin dama?

A Jamus da Faransa da Turkiyya doka ce ta kafa cibiyoyin, kamfani ba shi da zaɓin ƙin shiga. A Turkiyya, ƙarƙashin dokar 2004, ana kasa mambobi rukuni-rukuni bisa sana'a, kowane rukuni ya zaɓi kwamitinsa duk shekara 4, daga kwamitocin ne kuma ake samun 'yan majalisar cibiya. Wato can kwamiti ne tushe, shugabanci a kansa yake tsaye. Mu tsarin Ingila muka gada, na ganin dama.

Masu son a tilasta suna cewa ta haka ne kawai cibiya za ta samu kuɗin ɗaukar ƙwararru, ta kuma daina wahala domin waɗanda ba sa biya amma suna cin moriyar duk abin da aka samo. Masu adawa suna cewa zai zama wani harajin ne kawai, kuma cibiyar da doka ke ciyar da ita ba za ta iya ɗaga wa gwamnati murya ba. A halin da muke ciki, hujjar masu adawa ta fi ƙarfi. Abin da ya cancanci a ara daga Turkiyya ba tilascin ba ne, zaɓen ne: 'yan sana'a su zaɓi kwamitinsu da kansu maimakon shugaba ya naɗa.

Ina ruwan wanda ba shi da masana'anta?

Kuɗin wuta da na fito da na rasit ba a aljihun mai masana'anta suke tsayawa ba. Suna shiga farashin buhun shinkafa, bokitin roba, takalmin makaranta da man gyaɗa. Idan suka fi ƙarfinsa, abin da ya fara yi shi ne rage aikin dare, sai sallamar leburori, su ne kuma masu cin abinci a wurin mai tuwo a bakin ƙofar kamfani, masu hawa adaidaita sahu daga Sheka da Ja'en. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 ma da wakilan waɗannan ƙungiyoyi aka yi cinikinsa.

Ga ƙaramin mai sarrafa kaya da ke tunanin shiga, kada ya tsaya a kan satifiket da rumfar bajekoli. Ya tambayi sakatariya wane kwamiti ne ya shafi sana'arsa, yaushe ya yi zamansa na ƙarshe, wace takarda ya rubuta a bana, kuma wa aka kai wa. Sababbin dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu a Yunin 2025 domin su fara aiki a Janairun 2026, da dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, duka suna buƙatar ƙa'idojin aiwatarwa, kuma irin waɗannan ƙa'idoji akan buɗe ƙofar jin ra'ayi na 'yan makonni ne kafin a rufe. Idan bai da ƙarfin kuɗin shiga shi kaɗai, ƙungiyoyin ƙananan masana'antu irin su NASSI da NASME suna zama teburi ɗaya da MAN da NACCIMA a matakin ƙasa, kuma ta nan ma takardarsa za ta iya wucewa, muddin ya riƙe rasit ɗinsa da littafin wutarsa.